Yadda za ka gyara laburarenka na Python kafin sabuwar siga ta karya shi

Wani bawan Allah da ban taɓa sani ba ne ya buɗe min ƙorafi a GitHub kan wani ɗan ƙaramin laburare da na rubuta na saki kyauta, ni har na ma manta da shi wallahi. Layi ɗaya kawai ya manna, ko sallama babu: ModuleNotFoundError: No module named 'distutils'. Na ɗauko kwamfutata na gwada da Python 3.12 ɗin da ya ce yana amfani da ita, abu ya tashi lafiya lau, har na fara rubuta masa cewa matsalar daga wajensa take, sai Allah ya sa na tsaya na buɗe sabon venv, wato keɓaɓɓen muhallin Python na aiki ɗaya, na sake gwadawa, nan take ya fashe. Ashe an cire distutils, tsohon modul ɗin haɗa fakej, daga 3.12, setuptools ne, wani kayan haɗa fakej da ke zaune a kwamfutata, yake rufa min asiri, don shi yana ɗauke da nasa distutils ɗin yana miƙa wa duk wanda ya nema, shi kuwa mutumin nan sabon venv ya buɗe, kuma daga 3.12 venv baya zuwa da setuptools a ciki sai ka saka da kanka. To da wannan zan fara: duk gwajin da za ka yi, a sabon venv fes za ka yi shi, wanda babu komai a ciki sai abin da laburaren ya rubuta cewa yana buƙata.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne Python bata zuwa ba zato. Tun daga 3.9 duk watan Oktoba ake sakin sabuwa: 3.10 a 2021, 3.11 a 2022, 3.12 a 2023, 3.13 a 2024, 3.14 a 2025, kuma kowacce shekara 5 ake kula da ita kafin a sallame ta. Sigar gwaji ta farko da suke kira beta a watan Mayu take fitowa, daga nan an rufe ƙofar ƙara sabbin abubuwa sai gyara kawai, kaga kenan wata biyar cur aka baka ka shirya. Mafi yawanmu sai Oktoba ta wuce mutane sun fara kuka muke farkawa, alhali aikin a watan Yuni na yamma ɗaya ne.

Fara da tara sigogin Python a kwamfutarka, aƙalla mafi tsufa da kake tallafawa da kuma mafi sabuwa. Ni yanzu uv nake amfani da shi, ka rubuta uv python install 3.10 3.14 shikenan ya sauko maka da su a haɗe. pyenv ma yana yi amma shi harhaɗa Python ɗin yake daga tushe a kan kwamfutarka, yana cin lokaci yana cin caji, in wuta ta ɗauke a tsakiya kuma ka sake sabon lale. Kar dai ka taɓa Python ɗin da ta zo da Linux ɗinka, tsarin kansa da ita yake aiki, in ka canza ta za ka kwana kana gyaran abin da bai shafi laburarenka ba.

Daga nan sai gwaje-gwaje. In laburaren na da su Alhamdulillah, ka kunna su a tsohuwar sigar tukuna ka tabbatar duk suna wucewa kafin ka taɓa ko layi ɗaya, don in ba haka ba ba za ka gane wanne ne sabuwar Python ta karya wanne ne dama can a karye yake ba. In kuma babu gwaji ko ɗaya, kar ka ji kunya, da yawa haka suke, rubuta ko da guda goma ne da pytest: ɗaya da zai shigo da kowane modul na laburaren, sauran su kira manyan ayyukan da mutane suka fi amfani da su. Wannan na shigo da modul ɗin kaɗai yana kama abu da yawa, saboda yawancin fashewar a layin import take faruwa.

Yanzu ga wurin da nake so ka daɗe. Masu kula da Python basa cire abu sai sun yi gargaɗi, ƙa'idarsu ita ce gargaɗin ya zauna aƙalla sigogi biyu kafin a cire, wani lokacin ma ya fi haka nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce wannan gargaɗin, mai suna DeprecationWarning, a ɓoye yake, in daga cikin laburare ya taso Python bata nuna maka shi sai ka nema, shi ya sa mutum zai rantse ba a taɓa gaya masa ba. Ka nema da kanka:

pytest -W error::DeprecationWarning

Wannan zai mayar da kowane gargaɗi kuskure, gwaji ya faɗi a daidai layin. Ranar farko ja zai cika maka allo, kar hankalinka ya tashi, ka duba da kyau za ka ga rabin gargaɗin ba daga kod ɗinka ba ne, daga laburaren wasu ne da ka dogara da su. Waɗannan ka ware su a pyproject.toml ƙarƙashin filterwarnings ka ce a ƙyale na wane da wane, amma da suna ɗaya bayan ɗaya, kar ka rufe duka gaba ɗaya ka koma gidan jiya. Akwai kuma nau'in da pytest zai iya tsallakewa, wato irin rubutun da aka saka \d a cikin zare (string) ba tare da r a gabansa ba, wanda masu rubuta regex suka cika yi. Tun 3.6 ake gargaɗi a kansa a ɓoye, a 3.12 aka mai da shi SyntaxWarning da kowa ke gani, kuma lokacin harhaɗa fayil kawai yake fitowa, in akwai tsohon .pyc a ajiye ba za ka gan shi ba. Maganinsa python -W error -m compileall -f . sai ka bi wuraren da ya nuna ka sa r.

Misalin da ya fi bani dariya shi ne na collections. Tun Python 3.3 aka ce Mapping da Iterable da Callable da 'yan uwansu sun koma collections.abc, wato tun 2012, aka yi ta jan kunne, aka ma ɗaga cirewar don a ba mutane lokaci, sai a 3.10 aka cire na gaske, kuma duk da haka laburare da yawa suka zube a ranar. Gyaran kuwa haruffa huɗu ne, ka ƙara .abc, kuma yana aiki a duk wata Python 3 da wani ke amfani da ita yau. Irin wannan gyaran shi ne mafi daɗi, wanda sabon salon yake aiki a tsofaffin sigogi ma, baka buƙatar wani reshe ko dabara. Yawancinsu haka suke: inspect.getargspec da aka cire a 3.11 ka koma inspect.signature, assertEquals na unittest da ya tafi a 3.12 ka goge s ɗin ƙarshe, SafeConfigParser ya zama ConfigParser, readfp ya zama read_file, pipes.quote ya zama shlex.quote, imp.reload ya zama importlib.reload. Wannan aikin nema da sauyawa ne, minti talatin ka gama. Akwai ma pyupgrade da kuma dokokin UP na ruff da za su yi maka wasu da kansu, sai dai ka karanta abin da suka canza kafin ka amince, kuma ka sa shi a kwamit (commit na git) nasa daban don kar ya cakuɗe da gyaran hannu.

distutils kuma nasa daban ne don babu abu ɗaya da ya gaje shi, an rarraba gadon ne. In a setup.py kake kiransa, setuptools ne ya karɓa, gara ma ka koma pyproject.toml gaba ɗaya ka huta. In LooseVersion ko StrictVersion kake ɗauka don kwatanta siga, wannan ya koma laburaren packaging, kuma ka tuna ka rubuta shi cikin abubuwan da kake dogara da su, ka kuma sani shi packaging ya fi tsanani, lambar siga mara kan gado da LooseVersion ke haɗiyewa shi zai ƙi ta ya jefa kuskure. find_executable ya zama shutil.which. strtobool kuwa, wanda ke mai da yes da no zuwa 1 da 0, ba shi da magaji ko kaɗan, layi kusan goma ne, rubuta naka kawai. Abin da bana so in ga mutum ya yi shi ne ya ƙara setuptools cikin buƙatun laburarensa don kawai import distutils ya ci gaba da aiki, eh zai yi aiki yau, amma bashi ne ka ci.

A 3.13 aka yi babbar shara, modul 19 aka kwashe lokaci guda, irin su cgi, telnetlib, crypt, imghdr, audioop, nntplib, uu, pipes. A nan sai ka zauna ka tambayi kanka me nake ɗauka a ciki? Sau da yawa aiki ɗaya tal ne, kamar cgi.parse_header da mutane ke raba Content-Type da shi, wanda za ka iya yi da email.message.Message. Wasu kuma an sake sakin su a PyPI, rumbun da ake ɗora laburaren Python, a matsayin fakej mai zaman kansa, za ka iya dogara da shi na wucin gadi. Kuma in har yanzu kana da kod na Python 2 da kake shirin juyawa, ka sani 2to3, kayan da ke juya shi zuwa Python 3, shi ma a 3.13 aka cire shi, sai ka yi aikin da 3.12 ko ƙasa. Python 2 dai tun 1 ga Janairun 2020 aka yi mata sallah, duk wani six (laburaren daidaita Python 2 da 3) da if PY2 da ya rage a laburarenka share shi, babu wanda zai yi kewarsa.

Waɗanda nake tsoro ba masu fashewa a import ba ne, waɗannan ai sun taimake ka. Masu haɗarin su ne gyaran da yake kama da mai sauƙi amma yana canza halin laburaren a shiru. Ɗauki datetime.utcnow() da aka fara gargaɗi a kansa a 3.12. Kowa zai ce maka ka sa datetime.now(timezone.utc), kuma gaskiya ne, amma na farkon lokaci yake bayarwa tsirara ba tare da shiyya ba, na biyun kuma da shiyyarsa a manne, kuma Python bata yarda ka ce wanne ya girmi wanne tsakanin waɗannan biyun, TypeError za ta baka. Wato in laburarenka yana miƙa wa mutane wannan lokacin, kai gwajinka zai wuce, shi kuwa mai amfani da ke kwatanta shi da abin da ya ajiye a rumbun bayanansa kod ɗinsa ya karye, ko kuma isoformat ya fara fito masa da +00:00 a ƙarshe wanda da babu. To ka zaɓa da saninka: ko ka riƙe tsohon hali ta hanyar ƙara .replace(tzinfo=None), ko ka canza ka kuma rubuta shi ɓaro-ɓaro a bayanin sabuwar siga. Kuma ka lura datetime.UTC a 3.11 ya shigo, in kana tallafa wa 3.10 timezone.utc za ka rubuta.

3.14 ma ta zo da irin nata. A Linux multiprocessing ya daina amfani da fork a matsayin hanyar farko ya koma forkserver, don haka kod ɗin da ya saba yaran aiki su gaji duk abin da ke ƙwaƙwalwar uwa zai fara kukan pickle ko ya tarar da abu babu. asyncio.get_event_loop() kuma da a da yake ƙirƙiro maka sabo in babu, yanzu RuntimeError yake jefawa. In laburarenka yana leƙa __annotations__ kai tsaye shi ma ka gwada shi da kyau don an canza lokacin da ake lissafa su. Shafin What's New na kowace siga yana da sashen abin da aka cire da sashen yadda za a yi ƙaura, waɗannan biyun kawai ka karanta sun ishe ka, sauran labarin sabbin kaya ne.

Wani tarko da ya kama mutane da yawa lokacin 3.10, kuma har yau ina ganinsa a tsohon kod, shi ne duba siga da rubutu. Wani ya rubuta sys.version[:3], a 3.9 ya bashi "3.9", a 3.10 ya bashi "3.1", laburare ya ce wai Python ɗinka ta tsufa da yawa. Ko ya kwatanta "3.10" da "3.9" a matsayin zare, sai ya fito 3.10 ce ƙarama. Kullum sys.version_info >= (3, 10) za ka rubuta. Kuma >= nake nufi, in ka sa == to baɗi za ka dawo nan.

In ya zama dole sai ka raba hanya, wato sabon abu babu shi a tsohuwar siga, tara duk rabe-raben a fayil ɗaya, mutane na sa masa suna _compat.py. Misali tomllib a 3.11 ya shigo, ƙasa da haka sai tomli, to a fayil ɗin sai ka ce in siga ta kai 3.11 a shigo da tomllib in ba haka ba a shigo da tomli da sunan tomllib, a buƙatu kuma ka rubuta tomli; python_version < "3.11" don masu sabuwar Python kar su sauke abin da basa buƙata. Amfanin tarawa wuri ɗaya shi ne ranar da ka sallami 3.10 fayil ɗaya za ka buɗe ka goge layi huɗu.

Maganar sallama kuwa, a nan ra'ayina ya ɗan bambanta da na masu sauri. An daina kula da 3.8 a Oktoban 2024, 3.9 a Oktoban 2025, waɗannan ka sake su da zuciya ɗaya. Amma ka tuna mutane da abin da sabarsu ta zo da shi suke aiki: Ubuntu 22.04 da 3.10 ta zo, Debian 12 da 3.11, Ubuntu 24.04 da 3.12, kuma wanda ke da ƙaramar saba yana biyan kuɗinta da ƙyar ba zai sake ta don laburarenka ba. In riƙe tsohuwar siga bai kashe maka komai ba sai layi ɗaya a jadawalin gwaji, riƙe ta. Ranar da ta fara hana ka aiki sai ka sake ta, amma da sharaɗi ɗaya da bana wasa da shi: ka ɗaga requires-python a pyproject.toml a cikin sakin da ka daina tallafin. pip, mai sauke wa mutane laburare, yana karanta wannan layin, in ya ga Python ɗin mutum bata kai ba sai ya koma ya ɗauko masa sigar laburarenka ta baya da ke aiki, ba wanda ya ji ciwo. In ka manta, pip zai miƙa wa masu tsohuwar Python sabon kod su faɗi da SyntaxError, kuma sakin gyara kaɗai ba zai cece su ba tunda pip zai tsallake gyararren ya sauka kan karyayyen, sai ka shiga PyPI ka janye shi da abin da suke kira yank. Sannan kar ka sa rufi a sama, irin <3.14 ɗin nan. Kai a ganinka taka-tsantsan ne, amma abin da yake jawowa shi ne ranar da sabuwar Python ta fito ba wanda zai iya ko gwada laburarenka a kanta, ko kuma pip ya yi ta ja da baya har ya samu wata tsohuwar sigarka da bata da rufin ya saka ta, wadda ita ce ma ta fi karyewa.

Bayan komai ya wuce a kwamfutarka sai ka miƙa aikin ga inji don kar ka dogara da tunawarka. tox ko nox don gudu a sigogi da yawa a gida, GitHub Actions kuma don duk kwamit, kyauta ne ga buɗaɗɗen kod. A jadawalin sigogi ka sa su cikin alamar zance, "3.10" ba 3.10 tsirara ba, don YAML lamba yake ɗaukarta ya yar da sifirin ya tafi neman Python 3.1. Ka ƙara siga mai zuwa da allow-prereleases: true a setup-python, ka kuma sa jadawali ya tashi da kansa sau ɗaya a mako ko ba ka taɓa kod ba, ta haka imel zai same ka a watan Mayu ko Yuni kafin baƙo ya same ka a Oktoba. In laifin daga Python ɗin kanta ne, lokacin beta ne daidai lokacin kai musu rahoto, dalilin fitar da ita kenan.

Mai laburaren da ke da kod ɗin C a ciki nasa aikin ya fi haka, don galibi kowace sigar Python sai an gina mata wheel nata, wato fakej da aka riga aka harhaɗa, in babu sai pip ya ce zai harhaɗa a kwamfutar mutum, mai Windows da bashi da kayan harhaɗawa ya tsaya cak. cibuildwheel ne ke sauƙaƙa wannan, kuma daga sigar rc, ta dab da saki, da ke fitowa wajen Agusta an daskarar da ABI, wato yadda kod ɗin C ke haɗuwa da Python, za ka iya gina wheel ka ɗora tun kafin Oktoba. In Cython kake amfani da shi fara sabunta shi kansa ka sake samar da fayilolin C ɗin, tsofaffin da tsohon Cython ya fitar su ne yawanci ke ƙin haɗuwa.

Sakin kansa gajere ne. Ƙara layin Programming Language :: Python :: 3.14 a classifiers, rubuta a bayanin canje-canje wace siga ta shigo wace ta fita da duk halin da ya canza, python -m build, sai ka saka wheel ɗin da ya fito a sabon venv ka kunna gwaji a kansa kafin twine upload. Kuma ka saki ɗin fa, don na sha ganin laburaren da gyara ya shiga reshen main wata takwas amma PyPI na nan da tsohon, mutane na ta buɗe ƙorafi iri ɗaya.

In kuma laburaren ba naka ba ne, na wani ne kake dogara da shi, fara duba ko wani ya riga ya kai maganar don kar ka zama na ashirin da zai rubuta "nima haka". In babu, aika gyaran da kanka amma ƙarami, abin da ya karye kaɗai, ka manna saƙon kuskuren, ka faɗi sigogin da ka gwada, ka ƙara sabuwar sigar a jadawalin gwajinsu. Kar ka haɗa da gyaran salon rubutu na fayil hamsin, mai laburaren da dare yake wannan aikin bayan ya taso daga nasa aikin kuma ba biyansa ake ba, gyaran layi shida zai karɓa a waya, na layi dubu zai ce sai ƙarshen mako. In ya yi shiru ka jira mako biyu ko uku ka sake taɓa shi cikin ladabi, kafin nan kai ka saka naka reshen kai tsaye da pip install git+https:// da adireshinsa, ka ɗaure shi a kan kwamit ɗaya don kar ya motsa, aikinka ya ci gaba.